Malon Mutumin Tsahe

Duk bazara sai na yi faɗa da masu sayar da malo a bakin titin Gusau, kuma ba don sun yi mini wani laifi ba. Zan tsaya da niyyar in saya wa yara, in ɗaga guda ɗaya in juya shi, sai in ga guntun kara maƙale a kansa, an datse shi da wuƙa. Nan take raina ya ɓaci.

"Malam, wa ya aike ku ku yanke shi bai nuna ba?"

Shi kuwa bawan Allah sari ya yi, ko gonar bai sani ba. Sai ya ce, "Alhaji, ka ajiye shi kwana biyu, zai yi."

Ƙarya ce, ba zai yi ba. Laushi zai yi, ya ɗan yi ƙamshi, amma zaƙin da bai sha a jikin uwarsa ba, ba zai same shi a kan tebur ba. Matata ta gaji da halina. Yanzu in muka zo wurin sai ta ce in yi zamana a mota, ita ta fita ta yi cinikin.

Ga wanda bai san shi ba, malo ɗan'uwan kankana ne, sai dai bai kai ta girma ba. Ɓawonsa kaushi gare shi, da zane-zane kamar an lulluɓe shi da raga, cikinsa kuma launin nunanniyar gwanda. Kankana ƙwanƙwasa ta ake yi a saurara. Malo ba a ƙwanƙwasa shi, shinshina shi ake yi. A wurin mahaifiyata na ga haka. Ban ce ta koya mini ba, domin ba ta taɓa koya mini komai baki da baki ba. Ni ne ɗanta na fari.

A gidanmu na Nahuce, ta wajen Bunguɗu, alkunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce a zamaninsu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Mata da yawa sukan yi na 'yan shekaru su sassauta, balle in yaro ya girma ya yi gemu. Inna ba ta sassauta ba. Ita in ta riƙe abu, to ta riƙe ke nan. Da aka yaye ni sai aka kai ni Tsafe wurin kakata, wato mahaifiyarta. A can na tashi, a can na yi makaranta. Shi ya sa sunana a bakin Inna ya zama "mutumin Tsahe", yadda mutanenmu ke kiran garin. Abin da na fi so a duniya tun ina yaro shi ne in ji ta kira ni da sunan da aka raɗa mini, ko sau ɗaya ne.

Idan na zo hutu na durƙusa na gaishe ta, sai ta juya ta dubi tukunya, ta amsa wa tukunyar. In abinci ne, sai ta ce wa duk wanda ke kusa, "A miƙa ma mutumin Tsahe." In babu kowa a kusa, sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta yi ɗan tari, ta shige ɗaki. Ƙannena kuwa sunayensu take rangaɗawa tun daga madafa har zaure. Ta zage su, ta ja musu kunne, ta ɗora kansu a cinyarta ta duba musu ƙwarƙwata. Wallahi har zagin na yi sha'awa. Na sha yin ɓarna da gangan, in zubar da ruwan randa ko in kwance akuya, don dai ta juyo ta ce mini "kai". Sai ta dubi ƙanena ta ce, "Je ka ɗaure akuyar can da iska ta kwance."

Wata shekara kunama ta harbe ni da hantsi a tsakar gida. Na faɗi ina birgima ina ihu, matan gida suka yo kaina, wata ta ɗaure mini ƙafa, wata ta tafi neman magani. Ta tsakanin zannuwansu na hango Inna tsaye a bakin madafa da muciya a hannu. Ba ta taso ba. Zafin wannan ya fi mini zafin kunamar. Tuwon ranar ya ƙone har Baba ya yi magana, amma a lokacin ban haɗa wannan da wancan ba, yaro ne ni.

Da na koma Tsafe na kai wa kakata ƙara ina kuka. Ita kuwa kamar kowace kaka, mijinta ta ɗauke ni, kullum cikin tsokana muke. Ta ce, "Haba maigidana, mi kake ma kuka? Kunya ce. Ni ma haka na yi ma nawa na farin."

Na ce, "To Allah wadaran wannan kunya."

Ta maka mini mafici a ka tana dariya. "Ji mini ɗan banzan miji! Ran da ka haifi naka mu gani."

Na ce, "Ran da na haifi nawa, a kan katanga zan hau in kira sunansa."

A bayan ɗakin Inna akwai wata 'yar garka da ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, an kewaye ta da darnin kara saboda awaki. Can take shuka malo. Irin na Baba ne tun asali. Ya taɓa gwada nomansa a fadama bakin gulbi, a lokacin mutane ba su san shi ba, ya rasa mai saye, ya watsar. Ita ce ta tsame 'ya'yan ta shanya, ta ƙulle su a tsumma. In sanyi ya fara ja da baya sai ta shuka. Ba ta taɓa ɗaukar bokiti ta ce za ta yi ban ruwa ba. Butarta kawai take ɗauka, duk salla ta tsuguna a gindin shukar ta yi alwala a nan. Da ruwan alwalarta suke tsiro, su yi yaɗo, su yi fure, su ɗaura 'ya'ya. In 'ya'yan suka fara nauyi sai ta sa wa kowanne sakaina a ƙasa don kada laima ta ruɓar da shi. Ƙannena kan taya ta cire ciyawa, amma ɗan malo kam ba mai taɓa shi. Duk gidan an san haka, har Baba.

Na kalle ta sau da yawa ta ɓular darni, in hutuna ya zo daidai da lokacin. Da gari ya yi haske take shiga. Sai ta fara duba launin da ke ƙarƙashin ragar ɓawon. In kore ne shar, ko tsayawa ba ta yi. In ya fara komawa ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, sai ta tsuguna, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta shinshina cibiyarsa. Daga nan sai ta dubi gindin karan, inda yake manne da ɗan. Malon da ya nuna, wurin nan yakan tsage ya zagaye. Sai ta ɗora babban yatsanta ta ɗan danna kaɗan, ba da ƙarfi ba. In ya ƙi, ta ɗauke hannu ta miƙe, sai gobe. In ya yi, karan da kansa zai rabu da shi, ya bar ɗan gurbi mai tsabta, malon ya mirgino hannunta. Na ji ta tana faɗa wa ƙanwata, autarmu, cewa ba a sa ma malo wuƙa a garka, sai ya saki da kansa. Kuma in ya saki ba ya jiran kowa. Ka makara da kwana ɗaya ka tarar jaɓa ta riga ka, ko ya fashe tururuwa sun shige.

To duk shekara, in zafi ya kankama, sai wani direban garinmu mai lodin Funtuwa ya tsaya a Tsafe ya aiko da ƙulli. Tsohon zanen Inna ne, a ciki malo guda ɗaya. Tun kafin a kwance ƙamshin ya cika ɗakin kakata. Saƙon da ke biye da shi ba ya canzawa: "A kai ma tsohuwa." Kakata sai ta kwance, ta dube shi, ta turo mini.

"Ungo kayanka. Ni da ko kankana ba ta zama mini a ciki? Ta sani sarai. Ba ni aka aiko ma ba."

Nakan yanka in ci ni kaɗai a bayan ƙyaure, ruwan na bin gwiwar hannuna. Ban taɓa cin abu mai zaƙinsa ba. Amma kada wani ya ɗauka hakan ya wanke mini zuciya. Ina ci ina jin haushi. In ce a raina, wato ta iya tuna ni da malo, amma bakinta ya yi mata nauyi ta kira ni.

Autarmu ce ta faɗa mini sauran labarin, ita ma cikin mita. Bakinta ba ya shiru, ga ta 'yar gaban goshin Inna. Ta ce, "Yaya, kai hwa ka cuce mu. Mu ka cire ciyawa, mu ka korar awaki, amma na farin da ya saki ko ɗanɗano ba mu yi. Sai dai mu ga an naɗe shi cikin zane. Wata shekara guda ɗaya tal ya yi, shi ma Tsahe ya tahi. Kuma ita da hannunta take cirewa, ita take naɗewa, ko zanen ba ta bari in riƙe."

Na ce, "To ku ai sunanku ake kira. Mu yi musaya mana."

Ta ce, "Ka ji ka! Wa zai ci suna?"

Na gama karatu na sami aikin gwamnati a Gusau, na yi aure. Kakata ta rasu. Malo bai fasa zuwa ba, sai dai saƙon ya koma, "A kai ma matar gidan." Matata kuwa Inna ta ɗauke ta kamar ita ta haife ta. Ta kira sunanta, ta ja ta ɗaki, su yi ta hira suna dariya, ni ina zaune a tsakar gida kan turmi kamar wanda ya zo karɓar wuta. Da aka haifa mini 'yata ta fari na cika alkawarin da na yi wa kakata. Ban hau katanga ba, amma ranar suna a gaban dangi na ɗauke ta na kira sunanta da ƙarfi har sau uku. Tsofaffin mata suka yi ta salati suna tafa hannu, wai 'yan boko ba su da kunya. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

Bayan rasuwar Baba na yi zaton abin zai sassauta. Ta tsufa, ni ma furfura ta fara fito mini, wa kuma za a ji wa kunya? Wata rana na je Nahuce na same ta zaune a inuwar ɗaki tana tsince wake, Auta na gefenta. Auta ta yi aure a nan cikin gari, kullum tana gidan. Na gaishe ta, ta amsa wa faifan wake. Sai kawai abin ya taso mini.

Na ce, "Inna, ni fa na gaji. Mene ne na yi miki? Ba ke kika haife ni ba? Baba ya tafi, tsohuwa ta tafi, saura mu. Ki kira sunana sau ɗaya, ko a kunne ne, ba wanda zai ji. Sau ɗaya kawai, ba zan ƙara roƙonki ba."

Auta ta zaro ido. "Yaya!"

Na ce, "Ke rufe mini baki, ba da ke nake ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken. Na ga leɓenta na motsi, na ce yau kam za ta faɗa. Sai ta juya wajen Auta ta ce, "Ce ma mutumin Tsahe rana ta yi. Hanyar ga ba ta da kyau in la'asar ta wuce. Ya kama hanya."

Na tashi na kama hanyar. A shekarun nan kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama, gaskiya ta faɗa. Amma na yi kuka a mota tun daga Nahuce har na shiga Gusau, ƙaton mutum da ni. Ban yi nadamar tambayar ba, kuma har yau ban yi ba. Haƙƙina na nema. Bazarar shekarar malo ya zo kamar kullum, na ce wa matata ta ba yara. Ta dube ni ta ce, "Ka ci abinka, ka san ba za ka iya barci ba in ba ka ci ba." Na ci.

Ciwon ya fara mata ne da rashin cin abinci. Kafin mu farga ta rame, zanenta na zagaye ta sau biyu. Na je na ɗauko ta zuwa asibiti a Gusau, Auta ta biyo ta jinya. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi ta ƙarin ruwa. Daga baya likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali, irin bayanin da in an gama shi ba ka da sauran tambaya. Abu ne a ciki, ya riga ya yi nisa.

Ita kuwa hankalinta ba ya kan gadon. Ta riga ta shuka malonta kafin ta kwanta, ta baro su sun fara ɗaura 'ya'ya. Kullum sai ta tambayi Auta, "An zuba musu ruwa? Wa ka zubawa? An sa musu sakaina?" Auta ta kira gida a waya ta tambaya, ta faɗa mata an yi. Ba ta yarda ba. Ta ce matar ƙanena ba ta san kan abin ba, ruwa za ta yi ta kwarara musu har su ruɓe. Da safe in na shigo da kunu, sai ta juya fuska bango ta ce wa Auta, "Ce mishi a maida ni gida."

Na ce, "Ce mata ba inda za ta. Saboda malo za ta bar asibiti? In malo take so, yanzu in je kasuwa in cika mata ɗakin nan da shi."

Auta ta faɗa mata, kamar ba a gabanta na yi maganar ba. Inna ta ce, "Na kasuwa yankakke ne."

Haka muka yi ta ja, ni da ita, ta bakin Auta. Daga ƙarshe likitan ma ya ce in bar ta ta koma, zaman ba abin da zai ƙara mata. Na mayar da ita Nahuce. Muna shiga gida, ko ɗaki ba ta bari an kai ta ba, sai da aka riƙe ta zuwa bakin darni ta leƙa. Ta ce a kawo mata butarta.

Daga nan duk ƙarshen mako ina hanya. In na je sai in zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ita tana kwance a ciki. Ba na cewa komai, jira nake. Na san lokaci ya ƙure, na kuma san ta sani. Na ce a raina, mutum in ya zo gaɓar nan ai yakan saki abubuwa da yawa. Duk motsin da ta yi sai in kasa kunne. Ta kira Auta, ta kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya ta yi musu nasiha, har 'yata ta kira da sunanta ta shafa mata kai. Ni dai ina bakin ƙofa.

Zuwana na ƙarshe, da zan tafi na zagaya garkar. Akwai guda ɗaya da ya fi sauran girma, a kan sakainarsa, ragar ɓawon ta fito sosai amma ƙasanta kore ne. Na tsuguna na kai hanci cibiyarsa, yadda na ga tana yi. Ba ƙamshi, sai warin ɗanyen ganye. Ashe ta ji motsin darni. Daga cikin ɗaki na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Auta, ce ma mutumin Tsahe kar ya taɓa. Bai yi ba. Da saura."

Na ce, "Ce mata ban taɓa ba."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na koma Gusau saboda aiki, da niyyar in dawo ƙarshen mako. A tsakiyar makon, da safe ina shirin fita, Auta ta kira ni. Ban ma bari ta gama ba. Na isa na tarar an yi mata wanka. Muka sallace ta, muka kai ta. Ni na shiga kabarin na karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina gyara mata kwanciya ina cewa a raina, shi ke nan, Inna, kin tafi da shi.

Zan faɗi gaskiya, a kwanakin zaman makoki baƙin cikina haɗe yake da fushi. Mutane na ta shigowa suna cewa mace ce mai kunya, mai kawaici, irinsu sun ƙare. Ina amsawa da amin, amma a cikina ina cewa, ku kun ji daɗin kunyar, ni na biya. Ko wajen garkar ban kalla ba.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu da rana, Auta ta leƙo zaure ta ce in zo. Ta kai ni ɗakin Inna. Rabona da shiga ɗakin har ciki tun ina ƙarami. Ta durƙusa ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado. Tsohon zane ne, na san shi. Ta ajiye a gabana ta zauna a ƙasa.

Na kwance. Malon nan ne babba. Ya ɗan yi laushi, da ɗan ƙamshi kaɗan wanda sai ka kai hanci za ka ji. Na juya shi, sai na ga guntun kara a kansa. An yanke shi da wuƙa.

Na ɗago a fusace. "Wa ya yi wannan? Wace marar hankali ce ta sa masa wuƙa? Ba ku san ba ta..."

Auta ta ce, "Ita ce, Yaya."



Ta ce, "Ana gobe za ta rasu, da gari ya waye ta ce in kai ta garka. Na ce Inna ba ki iyawa. Ta ce in kai ta. Goya ta na yi. Na sauke ta gaban wanga, ta sunkuya ta shinshina, ta danna da yatsa, ya ƙi. Ta jima tana kallon shi. Sai ta ce in miƙo mata wuƙa. Na ce, Inna, bai saki ba hwa. Ta ce, na sani, miƙo. Na ce to ki bari in ya saki ni in cire in kai mishi. Ta ce a'a, ba ke ka kai mishi ba. Na ce in taya ta, ta ture ni. Ita ta yanke, ita ta naɗe, ita ta ƙulle."

Na ce, "Ta ce wani abu?"

Auta ta share ido da bakin mayafinta. "Ta ce a aje ma mutumin Tsahe. Ta ce in ce maka ba shi da zaƙi, ka yi haƙuri, bana ba ta iya jira."

Na tambaye ta, don ba zan iya hana kaina ba. "Ba ta faɗi sunan ba? Ko a lokacin?"

Ta girgiza kai. "Ba ta hwaɗa ba, Yaya."

Na sake duba karan. Yankan a karkace yake, kuma a gefensa akwai wani tabon wuƙa inda ta fara ta kasa, ta sake. Matar da tun ina leƙen ta ta ɓular darni ban taɓa ganin ta shiga garka da wuƙa ba. Ta riƙe kunyarta har kabari, ba ta karya ta saboda ni ba. Amma ɗaya dokar tata, wadda ko Baba bai isa ya sa ta karya ba, ta karya ta da hannunta don kada shekarar ta wuce ban karɓi nawa daga gare ta ba. A nan fushin ya sake ni, sai baƙin cikin kawai ya rage, kuma ya fi nauyi.

Na ce wa Auta ta ba ni wuƙar. Ita ce dai wadda Inna ta yi amfani da ita, tana nan a kan taga. Na raba shi biyu. Cikin bai gama yin launi ba, wajen ɓawon ma kore ne. Na yanko na kai baki. Gaskiyarta, lami ne, kamar gurji, ga ɗan tauri.

Auta ta ce, "Sauran na garka sun kusa saki, Yaya. Ka bar wanga, in sun yi in kawo maka mai daɗi."

Na ce, "Ki ba yara."

Na zauna a ƙasan ɗakinta, a kan zanenta, ina ci ina kuka. Ban ba kowa ko yanki ɗaya ba. Na cinye shi tas, har koren da ke jikin ɓawon na kankare da haƙori.